Faɗuwar Rana Daga Kan Tudu a Sabon Birni

A ƙasar Gobir babu manyan duwatsu irin na Jos ko na Kwatarkwashi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, rairayi da ƙaya, sai fadama. Saboda haka in mutumin Sabon Birni ya ce maka, "Zo mu hau tudu," kada ka ci ɗamara kana tsammanin za ka yi gumi. Jigawa ce kurum, wadda ko tsohuwa da sandarta za ta hau. Amma inda ƙasa ta kwanta haka, ɗan tudu kaɗan ya isa ya nuna wa ido abin da ƙafa za ta daɗe ba ta kai ba.

Na san wani tudu irin wannan tun 1987, sa'ad da aka aike ni can aikin malamin gona. A lokacin nan Kebbi da Zamfara duka suna cikin Jihar Sakkwato, ni kuwa saurayi ne, ban yi aure ba tukuna. Tudun yana bayan unguwar da na sauka, inda gidaje suka ƙare, gonaki suka soma. Ba wanda ya kewaye shi, ba wanda ya sa masa benci. Gawo ne guda biyu, da aduwa, da wani kututture da zama ya goge shi har yana ƙyalli. Mai masaukina, wani Bagobiri mai zube a kumatu, shi ya fara kai ni. In an tashi daga aiki sai mu ɗauki tabarma da buta, mu hau, mu zauna muna fuskantar yamma.

Ga abin da mutum ke gani daga can. A ƙarƙashinka fadamar gulbin Rima ce, kore shar, alhali kuwa tudu duk ya bushe ya yi fari. Da kaka, bayan an yanke gero an kai rumbu, mutane sukan gangara fadama su kama aikin rani: albasa, da tumatir, da dankali, da rake. Gulbin kansa ruwan ƙasashe da yawa ne. Bunsuru da Gagare su ne suka taho daga kudu suka haɗu, sa'an nan gulbin Maraɗi, wanda ya tashi daga ƙasar Katsina ya shiga Nijar ya zaga, ya komo ya zuba a cikinsa. Daga nan ruwan ya karkata ya nufi Goronyo, inda aka gama gina madatsa a 1984, ya wuce Wurno, ya tasam ma Sakkwato. Watau inda rana take faɗuwa, can ruwan yake tafiya.

A watan Nuwamba rana takan faɗi da ƙarfe shida da 'yan mintoci. Amma tun wajen biyar da rabi take soma yin laushi. Hazo ya ɗan taso, sai ka ga ta zama ja kamar garwashi, har kana iya dubanta ido da ido ba ta cuce ka ba. Ruwan da ya rage a gulbi ya ɗauki launin jan ƙarfe. Balbelu su taso jere jere, farare fat, su nufi itatuwan da suke kwana. Ni dai abin da na fi so shi ne ƙurar shanu. Garke yana tahowa daga nesa, ba ka ganin shanun, sai ƙurar da hasken rana ya ratsa ta, kana jin muryar ɗan Fulani yana kira. Can kuma ga raƙuma da kayansu, ga jakuna da karan dawa, ga mata da itace a ka, ba mai sauri. Hayaƙin tuwo ya kwanta bisa gari. In ladan ya kira sallar magariba mai masaukina ya ɗauki butarsa ya sauka, ni kuwa nakan ƙara zama har taurari su fito, in gangaro cikin duhu ni kaɗai, ba abin da nake tsoro sai kunama.

A kan tabarmar nan na koyi tarihin Gobir, gama mai masaukina ba ya gajiya da shi. Shi ya gaya mini kufan Alƙalawa ba nisa yake da mu ba, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa. A 1808 mayaƙan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci birnin, Sarki Yunfa ya mutu a wurin. Gobirawa ba su saduda ba, suka yi ta yaƙi har aka sake karya su a Gawakuke a 1836. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya wani ɗan sarki, Ɗan Halima, ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya zo ya kafa wannan gari, shi ya sa har yau sunansa Sabon Birni, ko da yake ya tsufa. A Isa kuma, kudu da nan, akwai wani Sarkin Gobir, amma shi daga zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fito. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyakarsu, sai Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya, ƙasa biyu. Tsohon yakan yi dariya ya ce iyakar nan jakinsa bai taɓa ganinta ba.

Na bar ƙasar a 1991. Ban sake komawa ba sai a kakar 2024, domin na ji tsohon ya yi rauni ƙwarai, na ce gara in gan shi da rai. Iyalina ba su so tafiyar ba, ban kuwa ga laifinsu ba. Mai karatu ya san labarin da ke fitowa daga gabashin Sakkwato shekarun nan. A watan Mayu 2020 'yan bindiga suka faɗa wa waɗansu ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari, suka kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya. A Disamba 2021 suka tare motar fasinja wajen Gidan Bawa, suka cinna mata wuta da mutane a ciki. Watanni kaɗan kafin zuwana, a Agusta 2024, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanya. Tun 2019 dubban mutane suka ƙetare iyakar nan da jaki bai gani ba, suka nemi mafaka a jihar Maraɗi.

Na iske tsohon a zaure, ya rame, amma hankalinsa garau. Bayan gaisuwa da cin abinci, da la'asar ta yi sanyi, na ce, "Baba, ko tudunmu yana nan?"

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Shina nan, Malam. Ina za shi?" Sa'an nan ya kira jikansa ya ce ya riƙe masa hannu.

Tudun yana nan kuwa. Gawo ɗaya ya faɗi, an sare aduwar, gidaje sun matso har gindinsa, waɗansu na zana ne da leda, na mutanen da suka baro ƙauyukansu. Muka shimfiɗa tabarma. Rana ta yi ja kamar dā. Balbelu suka wuce kamar dā. In na ce muku ba ta yi kyau ba na yi ƙarya. Har na ji kunya da kyan ya kama ni, gama a gefena mutane ne a tsaye, ba ɗaya daga cikinsu da ke duban sama. Hanya suke duba.

Na jira ƙurar shanu, ba ta taso ba. Waɗansu an sace, waɗansu masu su sun sayar tun kafin a sace, waɗansu an kora su Nijar. Abin da ya taso a kan hanyar shi ne mutane. Mata da goyo, da tabarmi a naɗe, da tukwane a ka, yara suna biye da awaki biyu ko uku. Jikan tsohon ya ce mini daga ƙauyukan kusa suke, sukan shigo gari su kwana a gidajen dangi ko inda suka sami wuri, da safe su koma. Waɗanda suka yi aiki a fadama kuwa tuni sun hau, tun rana tana da sauran zafi. A waɗansu ƙauyuka, in ji shi, sai an tara kuɗi an kai wa mutanen daji kafin a bar manomi ya yanke geron da ya shuka da hannunsa.

Tsohon ya nuna gawon da ya rage da sandarsa. Ya ce, "Dauri in rana ta kai bisa icen ga, shanu muke jira. Yanzu ɗiya muke ƙidaya." Na lura kuwa leɓunansa suna motsi. Yana da jikoki biyu da suka tafi ban ruwan albasa, da suruka da ta tafi kasuwar wani ƙauye.

Ni da na yi aikin gona, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ban ruwa aikin safe ne da na yamma, sa'ad da rana ba ta shanye ruwan kafin saiwa ta sha. Manomin da ya bar fadama da ƙarfe huɗu ya bar sa'o'i biyu mafi albarka a yininsa. A tara wannan kwana bayan kwana, gona bayan gona, tun daga Isa har Goronyo. Wannan hasara ba a faɗinta a rediyo, gama ba jini a cikinta, amma tana bayyana a kwanon awo da cikin tukunya.

Sauran rana kamar faɗin hannu, sai ga samarin nan biyu sun ɓullo daga fadama, da injin ban ruwa ɗaure a bayan babur, domin ba a barin shi ya kwana a gona. Tsohon ya ce, "Biyu." Muka ci gaba da zama. Rana ta taɓa ƙasa, ta nutse rabi, jan ya koma toka toka. Ladan ya yi kira. Tsohon bai taɓa butarsa ba. Wata mota ta taho tana tangaɗi, cike maƙil, ta tsaya a bakin gari, mutane suka yi ta sauka, ba a shaida fuska sai tsayi da tafiya. Yaron ya ƙura ido, can ya ce, "Ga Inna can, da buhu a kai."

Tsohon ya miƙo mini hannu in tashe shi. Ya ce, "Naɗe tabarma, Malam. Ba a kai dare nan yanzu." Muka gangara a hankali, yaron a gaba da buta, ni ina riƙe da shi ta hagu, yana tambayata ko har yanzu ina tsoron kunama.