Darasi Daga Tsibirin Sikiliyya



Hutun hunturun bana na yi shi ne a Sikiliyya, tsibirin Italiya da ke Bahar Rum. Asad bin Furat, almajirin Imamu Malik, shi ya jagoranci shigar Musulmi cikinsa a shekarar 827. Mulkin ya daɗe da gushewa. A birnin Palermo na ga ayar Alƙur'ani sassaƙe jikin ginshiƙin babbar majami'a, zuciyata ta yi rauni.

Amma Ibn Yunus da Maziri, malaman da ake jinginawa ga wannan tsibiri, har yau ana ambatonsu a zaurukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa duk sanda aka buɗe Mukhtasar Khalil. Iliminsu bai tafi da mulkin ba. Mu fa, me za mu bari?

Allah Ya sa mu dace.