Akwatin Mushe

Duk wanda ya san Matamaye ya san ta da rake, da kasuwa, da manyan motocin da ke ratsa ta dare da rana: masu gangarawa Ɗan Barto su tsallaka iyaka zuwa Daura da Kano, da masu haurawa Takeita su nufi Damagaram ko Maraɗi. Ba kasafai ake ambatonta da karatun littafi ba. Amma a wata unguwa ta garin, ƙofar gidan wani tsohon malamin lakwal, akwai wata fada mai zama bayan sallar isha'i, wadda tun kafin shayin farko ya nuna ake buɗe ta da tambaya guda: "Me kake karantawa yanzu?"

Mai gidan, wanda kowa ke kira Mushe ko da yake ya daɗe da ajiye alli, yana da wani akwatin ƙarfe irin wanda ma'aikata ke yawo da shi daga gari zuwa gari in an canza musu wurin aiki. Babu tufafi a cikinsa, sai littattafai, waɗansu bangonsu ya tafi, an ɗinke su da zaren buhu. Akwai "Sarraounia" na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Akwai "Gros plan" na Idé Oumarou. Akwai "Tanimoune", wasan kwaikwayon da André Salifou ya rubuta kan sarkin Damagaram Tanimun. Akwai "L'Enfant noir" na Camara Laye da "Une si longue lettre" na Mariama Bâ. A kan murfin akwatin kuma akwai wani kaye mai shafi da yawa, inda ake rubuta sunan mai aro, da ranar da ya ɗauka, da ranar da ya mayar.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa sai aro? Dalili a fili yake. A gari irin wannan, abin da aka fi samu na sayarwa shi ne littattafan addini da na ƴan lakwal. Mai son ƙagaggen labari sai ya yi saƙo, ko ya jira mai tafiya. Mushe bai manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa: tamma ɗaya ta Faransa, wadda ake canzawa dala goma, ta wayi gari dala ashirin. Littafin da aka buga a Paris ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya, alhali kuwa a shekarun nan ma'aikaci yakan yi watanni yana jiran albashi. Tun daga lokacin ya fahimci cewa a nan, in ka yaba wa mutum littafi ba ka miƙa masa shi ba, kamar ka kwatanta wa mai yunwa daɗin tuwo ne ka rufe kwanonka.

Shi ya sa fadar ta ɗora wa kanta ƙa'idoji uku. Ta farko: wanda ya yabi littafi, shi zai kawo shi. Ta biyu: ba a cewa "yana da daɗi" a yi shiru, sai mutum ya faɗi inda daɗin yake, ya kuma faɗi wanda littafin ba zai yi wa amfani ba. Ta uku: mai mayarwa ba ya ajiyewa ya juya, sai ya zauna ya faɗi abin da ya tsinta, ko da ya saɓa wa wanda ya ba shi.

Shekaru da dama fadar ta ƴan boko ce zalla: malaman lakwal, da wani ma'aikacin asibiti, da wani ɗan duwan da ake kira Shef. Sai ga wani ɗan kasuwa maƙwabci, Alhaji mai sayar da atamfa, ya fara zama gefen tabarma domin shayi. Shi bai taɓa shiga lakwal ba. Allo ya yi, ya iya ajami, sannan ya koyi boko a Kano lokacin da yake yaron shago. Ya daɗe yana sauraron sunayen marubuta da bai sani ba, har wani dare ya ce: "Mushe, duk cikin akwatin nan babu ko ɗaya da aka rubuta da harshen da muke wannan hira?"

Babu. Mushe ya ce tambayar ta fi mari zafi. Shekara talatin ya yi yana koyar da yara karatu, bai taɓa karanta littafin labari da Hausa ba daga farko zuwa ƙarshe. Ya tuna da "sambol", abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a farfajiyar lakwal. An rataya masa yana ƙarami, shi ma ya sa an rataya wa ƴaƴan wasu sa'ad da ya zama malami. Ya san sunan Molière da Victor Hugo, amma Daura, wadda ta fi Damagaram kusa da ƙofar gidansa, bai san abin da ake karantawa a cikinta ba.

Da Alhaji ya dawo daga Kano, tsakanin bandir ɗin atamfa ya zo da "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam, wanda ya samo asali daga gasar rubutun da aka shirya a Arewacin Najeriya a 1933, da "Magana Jari Ce" littafi uku, da "Shaihu Umar" na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin dariya da ban tausayi shi ne yadda masu takardar shaida suka riƙa tuntuɓe da harshen uwarsu. Idon da ya saba da Faransanci yana neman "tch" inda aka rubuta "c", yana neman "ou" inda aka rubuta "u", ga kuma haruffa masu lanƙwasa da ba a koya musu ba. Sai da Alhaji ya zama malami, Mushe ya zama ɗalibi, har bakinsa ya faɗa. Daga nan akwatin ya zama mai ɗaki biyu.

To amma ba a nan zancen ya tsaya ba, domin littafi ba ado ba ne kawai, wani lokaci saƙo ne. Wata rana Shef ya yi saƙon "Turmin Danya" na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda aka buga a 1982, labarin fasa-ƙwauri da masu kuɗin da ke sayen mutane da shi. Ya karanta, ya miƙa wa Alhaji gaban kowa, yana murmushi: "Alhaji, wannan naka ne, na ƴan kasuwar bakin iyaka." Fada ta yi tsit. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, bai ce komai ba. Bayan mako guda ya mayar, ya bi ƙa'ida ya zauna, ya ce: "Shef, na gode. Marubucin nan ya san kasuwa. Sai dai na lura babu kayan da suka tsallaka a cikin littafin ba tare da wani ya kawar da kai ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba, kuma Shef ya yi kwana uku bai zo ba. Mushe ya ga zumunci na shirin tsinkewa a kan takarda. Sai ya buɗe ɗaya ɗakin akwatin ya fito da "Quinze ans, ça suffit !" na Amadou Ousmane, wanda ya fito a 1977: labarin shari'ar wani babba da ake tuhuma da karkatar da abincin taimako lokacin fari, irin farin da ya gabaci juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Da yake Alhaji ba ya jin Faransanci, aka aika wa Shef cewa ana bukatarsa, shi zai riƙa karantawa, Mushe na fassarawa. Dare goma sha suka yi a kai. Da aka kai ƙarshe Alhaji ya ce: "Ashe ku ma kuna da masu faɗa muku gaskiya da nasaranci." Shef ya ce: "Muna da su, Alhaji, sai dai ba mu cika son a fassara muku ba." Wannan karon dariyar ta gaske ce.

Abin da Mushe ya koya daga wannan shi ne, ba da littafi hanya ce ta faɗa wa mutum abin da baki ke jin nauyin faɗa. Amma hanyar tana da ladabi. Wanda ya miƙa wa ɗan'uwansa madubi, to ya shirya a miƙo masa nasa. Shi ya sa aka ƙara ƙa'ida ta huɗu: ba a ba mutum littafi don a kunyata shi gaban jama'a; in akwai saƙo a ciki, a ba shi a keɓe.

Wadda ta fi kowa iya wannan ƙa'ida ba ta ma zama a fadar. Uwargidan Alhaji, kamar mata da yawa na cikin gidaje, ta daɗe tana karanta ƙananan littattafan Kano, waɗanda suka yi tashe tun daga ƙarshen shekarun 1980, irin su "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino. Mazan fada sun raina su, suna ce musu littattafan soyayya, karatun ƴan mata. Lokacin da Hajiya ta ji ƙishin-ƙishin maigidanta na neman ƙarin aure, ba ta ɗaga murya ba. Ta aiko yaro da "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin wani ɗan kasuwa da ya wulaƙanta matarsa da ƴaƴansa saboda amarya, da abin da ya biyo baya. Saƙon da yaron ya kawo shi ne: "Hajiya ta ce a sa a akwati, amma Alhaji ya fara." Ko littafin ya hana auren ko bai hana ba, wannan zancen gidansu ne. Abin da fada ta shaida shi ne, bayan Alhaji kowa ya karanta, kuma tun daga ranar ba a sake cewa karatun ƴan mata ba. An buɗe wa matan unguwa shafi nasu a cikin kaye, yara na kai da kawowa.

Kada mai karatu ya zaci akwatin bai ga asara ba. Kayan aro ba ya rufe katara, amma wasu sun rufe da shi sun tafi. Akwai ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki ya wuce da littafi biyu. Akwai wanda gara ta cinye. Akwai wanda ruwan damina ya jiƙa har shafukansa suka manne. Cikin kaye akwai layukan da gurbin ranar mayarwa ke nan fari har yau, kuma Mushe bai soke ko ɗaya ba. Akwai kuma asarar da ta fi ƙarfin fada. A watan Janairu na 2015, cikin tarzomar da zanen ɓatancin wata jaridar Faransa ya haddasa, aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Damagaram, inda ƴan makaranta da malamai ke zuwa karatu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020, aka kuma sake rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har cikin 2024. Kowa ya yi lissafin shinkafa da man fetur da suka tsaya. Ba wanda ya yi lissafin littafin da bai tsallako ba.

Samari na cewa yanzu komai na cikin salula, kuma gaskiya ne labarai da yawa na yawo ta nan. Mushe bai musa ba. Abin da yake cewa kawai, salula takan kawo maka ɗari, amma ba ta san ka ba, ba za ta ce maka "wannan ya dace da kai, wancan bari sai ka ƙara shekaru" ba, kuma ba ta jiran ka dawo ka faɗi abin da ka gani. Yawan littafi ba shi ne karatu ba. Mutum na bukatar wanda zai tsaya masa shaida a kan littafi, kamar yadda baƙon ɗan kasuwa ke bukatar dillalin da ya san kaya.

A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. An yi ta muhawara a kai. A fadar Mushe kuwa, tambayar da aka yi mai sauƙi ce: harshen ƙasa, to ina littafinsa a hannun mutane? Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma har yau ma'aikata nawa ne za su karanta shafi guda na Hausa ba tare da tuntuɓe ba? Ƴan kasuwa nawa ne suka san abin da Abdoulaye Mamani, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1993, ya rubuta kan Sarauniyar Lugu da ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899? Rabin karatun ƙasar nan na hannun masu biro, rabin na hannun masu shago, kuma kowane ɓangare na zaton nasa ne duka.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗan kasuwar da ke zuwa Kano ko Zariya, littafi ɗaya ba zai ƙara wa kayansa nauyi ba. Ma'aikacin da littattafansa ke kwance cikin akwati tun zamanin lise, ya buɗe ya ba su iska, ya kuma ba maƙwabcinsa dare ɗaya na fassara. Wanda ya ara, ya mayar, ya faɗi abin da ya gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mushe ya tsufa, idonsa ya rage, yanzu jikarsa ce ke karanta masa. Kwanan baya ta tambaye shi me ya sa bai soke sunayen waɗanda suka tafi da littattafansa ba. Ya ce mata: "Bar su, ƴar nan. Mai yiwuwa ba su gama ba." Allah ya sa su gama, su kuma miƙa wa wani.