Tunkiyar Inna da Jan Keke

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin acaɓa daga unguwarmu zuwa makaranta ya fi ƙarfin aljihuna. Tafiyar kilomita 7 ce, rabinta burji da duwatsu, ga wani kwazazzabo da ruwa ke ƙara ci duk damina. Ina ND I, Inna ta sayar da tunkiyarta ta ce in sayi keke. Da shigata kasuwa idona ya faɗa kan wani ja, sabo fil, mai giya 21 da shoka gaba da baya. Wallahi ko ciniki ban tsaya yi sosai ba.

Wata huɗu ya yi mini. Ranar wata jarrabawa, ina gangara kwazazzabon nan, rim ɗin baya ya lanƙwashe, bodin ya tsage daidai inda shokar baya take. Haka na ja shi har makaranta, na shiga aji a makare, gumi sharkaf. Duk tsawon jarrabawar tunanina ɗaya ne: me zan ce wa Inna?

Da yamma na kai shi wurin Baba mai gyaran keke na bakin get. Ya duba ya girgiza kai. "Ɗana, fenti ka saya. Shokar baya mai arha nauyi kawai take ƙara maka, kuma nan ne keke ke fara mutuwa."

Da na tara ɗan abin da na samu lokacin SIWES, sai na roƙi Baba ya raka ni. Bai ko kalli sababbin ba, wurin na hannu ya nufa. Ya ce in bi duk inda aka yi walda da yatsa, musamman ƙarƙashin wuyan keken da wajen feda. In akwai tsaga, ko fenti ya kumbura, a bar shi. Bodin alminiyam ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya tsatsa, amma in ya tsage sai mai walda na musamman. Na ƙarfe kuwa kowane mai walda a unguwa zai iya ɗinke shi. Muka ɗauki na ƙarfe, mai shoka a gaba kawai.

Sai ƙafafu. Ya ɗaga keken ya juya kowace, yana kallon ko tana rawa. Ya nuna mini rim mai bango biyu, ya sa na ƙirga wayoyinsa, 36 cif, ya matsa su bibbiyu don ya ji ko akwai sako-sako. Ya ce in zauna a kan inci 26, saboda tayarsa da tib ɗinsa ba su da wuyar samu a nan, saɓanin 27.5 da 29. Birkin faifai ya fi kamawa cikin taɓo, amma mai waya za a nema. Mai amfani da mai in ya yi yoyo, sai an sha yawo kafin a samu mai gyara. Giyar Shimano ce, tsohuwa, amma tana shiga kowace lamba ba gardama. A ƙarshe ya ce in tsaya a kansa ƙafafuna a ƙasa, in tabbata akwai tazara tsakanina da ƙarfen sama.

Keken baƙi ne, duk ya goge, abokaina na kiransa "Kaka". Yau shekara guda ke nan, faci uku da sarƙa ɗaya kawai ya ci mini. Duk Asabar nakan wanke sarƙar in sa mata mai.

Ɗan'uwa, in za ka saya, fara zuwa wurin mai gyaran da ke kan hanyarka ka tambaye shi kayan wane keke yake iya samu, sannan ka je kasuwa tare da shi. Ni dai saura mini 'yan watanni in gama. Abin da keken nan ya rage mini na kuɗin acaɓa yana cikin asusu, kuma Inna ba ta san tunkiya nake tara mata ba.