Rabin Awa a Tsohon Rumbun Ruwan Houston

Mai karatu, idan kana cikin masu kwana a gefen gadon mara lafiya, da kai nake wannan magana.

Mako uku na yi a birnin Houston na Amurka ina jinyar yayana. Barcina bai wuce awa uku a dare ba, abinci kuwa sai abin da hannu ya kai. Wata rana ma'aikaciyar jinya ta dube ni, ta auna jinina, ta ce ya hau, lallai in fita in sha iska. Na fita ba da son raina ba, domin gani nake barin majinyaci cin amana ne.

Ƙafa ta kai ni lambun shaƙatawa na Buffalo Bayou, inda wani tsohon rumbun ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa. An gina shi a 1926 domin tara wa birnin ruwan sha, yana cin galan miliyan 15. Ya yi aikin shekara tamanin kafin a gano yana yoyon da ya fi ƙarfin gyara, aka daina amfani da shi a 2007. Maimakon a rushe, sai aka gyara shi, aka buɗe wa jama'a a 2016.

Ciki duhu ne da laima. Ginshiƙan kankare 221 ne a jere, kowanne tsayin ƙafa 25, ɗan ruwan da ya rage a ƙasa yana nuna su kamar madubi, har ka rasa inda suka ƙare. Jagoranmu ta nemi a yi shiru, ta ɗaga murya sau ɗaya. Amsa-kuwwar takan kai daƙiƙa 17 kafin ta mutu. Ina tsaye ina saurare, na ji kafaɗuna sun sauka, na gane na daɗe ina numfashi sama-sama ban sani ba.

Kada ka raina irin wannan gajiya. Ƙarancin barci da doguwar damuwa suna taimaka wa hawan jini, suna raunana garkuwar jiki, kuma gajiyayyen mai jinya shi ke manta lokacin magani. Ka auna jininka kai ma, ka raba kwana da ɗan'uwa tun kafin jiki ya tilasta maka.

Da na koma, yayana ya ce, “Ina ka shiga haka?” Na ba shi labarin ginshiƙai. Daga nan na kira ɗansa ya karɓe ni, na yi barcin awa bakwai.