Ƙarya fure take, kuma tana ƴaƴa

Masu iya magana sun ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Yawancinmu a kan maƙaryaci kaɗai muke jin wannan zance, alhali kuwa akwai ɗan iccen da ke amsa sunan ƙarya, mai kumburarren gindi da jan fure, wanda ke tsirowa tun daga Senegal har ƙasar Larabawa. Masana suna kiransa Adenium, daga sunan birnin Adan na Yaman. Ni kuwa na zo ne in ba da shaida a kansa, domin a ganina an zalunce shi.

A gidana da ke nan Tawa na shuka irinsa cikin fasasshiyar tukunya, na haɗa rairayi da tsakuwa. Shekara uku na yi ina jiran fure. Maƙwabcina, wanda fataucin albasa ne sana'arsa, yakan ce mini: "Malam, abin nan ana cinsa ne, ko ana saidawa?" Tambayarsa tana da nauyi a garin da ruwan sama bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, inda gidaje da yawa ke sayen ruwa wajen ga-ruwa. Na amsa masa da lissafi: moɗa guda a mako ta ishi ƙarya, in hunturu ya shigo ma ana janye mata hannu. Ruwanta yana ajiye a gindinta, yawan ban ruwa shi ke ruɓar da ita. Na kuma tuna masa cewa shi ma yakan rufe albasarsa cikin rudu wata da watanni, yana jiran kasuwa ta tashi.

Da bazarar shekara ta uku, lokacin da zafi ya haura 40, ganye ya kakkaɓe, sai ga fure a kan tsirarar rassa. A daidai lokacin da kome ya bushe a Adar ta cika alkawarinta.

To, ina batun rashin ƴaƴa? Mutane sun saba yanko reshe su dasa, domin ya fi saurin fure. Duk rassan nan icce ɗaya ne, ita kuwa ba ta cika ɗaukar ciki da garin furenta ba, sai ƙwari sun kawo mata na wata. Inda aka samu biyu daga iri dabam-dabam, takan fid da kwanso biyu kamar ƙahonin akuya, cike da iri mai gashi irin na tumfafiya, wadda danginta ce. Ashe gaggawarmu ce ta hana ta haihuwa. Sai dai a kiyaye: ruwan jikinta guba ne, maharba sun daɗe suna shafa shi a kibiya, don haka a nisanta ta daga yara da awaki.

Turawa ma suna da furen da ke gwada haƙurinsu, wani nau'in orkide mai siffar takalmi, wanda ke yin shekaru kafin ya buɗe. Masu ƙin jira sun yi ta tumɓuke shi a daji, har a Ingila ya rage gindi guda a yankin Yokshaya, aka sa masa masu gadi. Tun 1990 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin danginsa na Asiya da aka ciro daga daji. Tamu ƙaryar kuwa, manoman Tailan suna renonta suna saida wa duniya, mu muna wuce ta ba ko kallo.

Ma'aikatan da suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, sun san ɗacin jiran abin da ke hannun wani. Jiran fure dabam yake: kai ka shuka, kai ke tsaro, sauran na Mai Sama ne. Duk mai tsohuwar tukunya a bayan ɗaki, shi nemi iri biyu shi gwada. Allah shi ba mu tsawon ran ganin abin da muka shuka, amin.