Daren da Wata Ya Yi Zazzaɓi a Tarai

Muna yara a Tarai, wajen ƙarshen shekarun 1980, duk daren da aka ce rana ta kama wata babu mai runtsawa. Mu yara mukan bi unguwa muna kaɗa gwangwanaye da tsofaffin kwanoni, iyayenmu kuwa su nufi masallaci domin sallar husufi. Gari na wayewa zance ya bi iska. Bayan mun zama malaman makaranta, wani ɗalibi ya tambaye mu a wace shekara aka yi, kuma wata ya yi minti nawa a rufe. Muka yi tsuru-tsuru.

Abin da ya ƙara sosa mana rai shi ne, a waɗannan shekarun ne masana taurari suke gadin wani husufin da ido ba ya gani. Akwai wata 'yar ƙaramar duniya mai nisan gaske, Fuluto, wadda takan yi shekara 248 kafin ta zagaye rana. Tana da wata mai suna Sharon, wanda James Christy ya gano a Amurka a 1978. Daga 1985 zuwa 1990 sai suka daidaita da duniyarmu, wannan ya gifta ta gaban wancan, su yi ta kare juna. Na'urorin hangen nesa na lokacin suna nuna su tamkar ɗigo guda, don haka masanan suka riƙa auna raguwar hasken ɗigon da dawowarsa, suna rubuta lokaci. Da wannan suka ƙiyasta girman kowanne. Kumbon New Horizons da ya wuce ta can a 2015 ya nuna ba su yi nisa da gaskiya ba: faɗin Sharon kusan kilomita 1,200 ne, rabin na Fuluto. Irin wannan dama sau ɗaya take zuwa a shekara 124, ta gaba kuma sai bayan 2100.

Mu kuwa ranar 29 ga Maris, 2006, rana ta kisfe da hantsi, Gusau da Katsina suka yi duhu, a Tarai haske ya dusashe. 'Yan'uwa marubuta, mu nawa ne muka rubuta abin da tsofaffi suka faɗa ran nan? Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu mun ware littafi guda a ajinmu, mun rubuta "Husufi" a bangonsa, ɗalibai kuma sun fara bin kakanninsu da tambaya. Allah Ya nuna mana na gaba da alƙalami a hannu.