Bariloce: garin shokola inda kakawo ba ya tsirowa

Daga Buwenos Ayires, babban birnin Arjantina, zuwa Bariloce akwai kilomita wajen 1600. Kar takan wuni ta kwana bisa hanya, awa 20 da ɗoriya, kuma ƙarshen tafiyar cikin fili ne fetal, busasshe, ba kome sai gajerar ciyawa da tumaki. Sai can gab da isa duwatsun Andes suke tasowa da farar ƙanƙara bisa kansu, tabkin Nahuwal Wapi na kwance a gindinsu. Faɗin tabkin ya zarce murabba'in kilomita 500, zurfinsa a wani wuri ya kai mita 464. Ko cikin watan Janairu, wanda shi ne tsakiyar zafinsu, mai sa ƙafa cikin ruwan nan ba ya daɗewa.

Asalin garin kanti ne. Wani ɗan kasuwa mai suna Carlos Wiederhold, jinin Jamusawa daga Shili, shi ya buɗe shi a bakin tabkin a 1895. Hukuma ta kafa garin a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1934, baƙi masu yawon buɗe ido suka biyo bayansa.

To, abin da ya kamata ɗan kasuwa ya tsaya ya duba shi ne titin Mitre. Kantunan shokola ne jere dama da hagu, ƙamshi na biyo mutum har bakin titi. Alhali kuwa itacen kakawo ba ya rayuwa a wannan sanyi. Daga ƙasashe masu zafi irin su Birazil da Ekwador ake kawo shi. Sana'ar ma baƙuwa ce. Wani Ba'italiye, Aldo Fenoglio, ya zo da ita daga birnin Turin a 1947, ɗansa Diego kuma ya kafa kantin Rapanui a 1996. Abin da garin ya zuba daga aljihunsa shi ne gwanintar hannu da suna. Akwai irin da suke shimfiɗawa bisa dutse mai santsi, kafin ya daskare a kankare shi, ya naɗe kamar ɓawon itace; da an ɗora shi bisa harshe sai ya narke. Da kilo ake sayarwa, kuma sau da yawa mai kanti yakan ba da ɗanɗano kyauta, don ya san da wuya wanda ya lasa ya fita hannu biyu. Sai dai a tambaya kafin a saya, saboda wasu da giya a cikinsu. Kowace shekara, cikin makon Ista, sukan yi bikin shokola, inda ake zuba sanda guda mai tsawon fiye da mita 200 bisa wannan titi, a rarraba wa jama'a. A 2024 kuɗin tan ɗin kakawo ya haura dala 10.000 ta Amurka a kasuwar duniya, bayan noman ya lalace a Kodibuwa da Gana, ƙasashen da suka fi kowa noma shi. Mai kanti a Mitre bai san gonakin nan ba, amma farashinsa na bin labarinsu.

Garin yana da tsada, sai dai matasa masu yawo da jaka goye a baya sun san dabararsu. Sukan kama gado guda cikin ɗakin mutum shida ko takwas, su yi cefane su dafa da kansu, su adana kuɗi don cin nama sau ɗaya mai kyau. Naman kuwa ya cancanta. Ɗan rago ake farkewa, a shimfiɗe shi bisa ƙarfe mai gicciye, a kafa shi a karkace gefen wuta awa da yawa, gishiri kawai. Duk wanda ya ga yadda ake gasa ragon Layya a Yamai ko Maradi zai gane shi nan take. Akwai kuma kifin ruwan sanyi da suke kira turuca, wanda aka kawo irinsa daga Amurka a 1904.

Wajen kallo, a ganina, babu kamar dutsen Kampanariyo, kilomita 17 daga gari. Tsawonsa mita 1049 ne kawai, mai ƙafa yakan hau cikin minti 40 ba da biyan ko dala ba, amma daga samansa tabkuna da tsibirai da otal ɗin Llao Llao duk suna shimfiɗe ƙarƙashin ido.

Wanda ya juya wa tabkin baya ya haura tudu zai iske wani Bariloce daban: unguwannin El Alto, gidajen katako da kwano, inda da yawa daga masu aikin otal da kantuna suke kwana cikin sanyin Yuli. Abincinsu na rataye da zuwan baƙi. A watan Yunin 2011 dutse mai aman wuta na Puyewe, can ɓangaren Shili, ya fashe, toka ta rufe garin. Filin jirgin sama ya yi watanni ba ya aiki yadda ya saba, daidai lokacin da ake jiran masu zuwa wasan sulɓi bisa ƙanƙara.